Rigar da Inna ta ɗinka wa talabijin

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da maiɗakinka da yara. Yaya zaman Ikko? Mu nan Abakpa lafiya, sai ƙafar Inna da har yanzu ta hana ta fita.

Ka tambaya ko ka biya ƙarin garanti in ka tashi sayen talabijin. Ni na biya, namu kuma ya ƙone makon jiya. Inna ta ɗinka masa riga don gudun datti, ko an kunna ba a cirewa, fuskar kawai ke buɗe. A kanti aka ce rigar ce ta toshe masa iska, wai garanti bai shafi wannan ba. Na yi roƙo har na gaji.

Na kasa gaya wa Inna dalili, don talabijin ɗin ne kaɗai ke ɗebe mata kewa. Jiya ta wanke rigar ta mayar masa, wai ya yi tsaf kafin masu garanti su zo.

Kada ka biya, Yaya. A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninka,
Bala