Inna ta je Babban Kanti

Jega, 4 ga Afrilu

Zuwa ga matata Mubina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da jaririyarmu Rahma. Yaya wankan jego? A gaida su Baba da mutanen Mungadi duka.

Mubina, abin da ake ta faɗa ya tabbata. An buɗe babban kantin nan a bakin titi, mai sanyi kamar cikin randa, irin wanda suke da shi a manyan birane. Kwana uku ke nan ban sayar da komai ba sai ashana.

Jiya na rufe shago, na ja hula har gira, na sa takunkumi, na je in ga abin da ya kwashe mini mutane. Unguwarmu duka tana ciki. A layin madara na ci karo da Inna, uwar da ta haife ni, tana tura keken zuba kaya. Da tafiyata ta gane ni, ta kira sunana da ƙarfi. Wai sanyi kawai ta zo sha. Amma na ga gwangwani biyu a keken.

Raina ya ɓaci ƙwarai. In abin ya ci gaba haka, zan sayar da shagon in koma Aliero wurin Yaya Faruk, mu yi ta loda albasa.

Mijinki mai kewarki,
Lauwali

Jega, 19 ga Afrilu

Mubina tawa,

Ina gaisuwa, da fatan tarin Rahma ya sauka, ke ma kina cin abinci sosai.

Kada ki gaya wa Baba zancen Aliero, na fasa. Inna ce ta koma kantin ita kaɗai. Ta nemi a buɗe mata kwali a ba ta magi biyu, aka ƙi. Ta yi tayi, yarinyar da ke kan na'ura ta ce ba a tayi. Ta nemi gyara, babu. Sai ta ce a kira mai kantin su gaisa, aka ce ba wanda ya taɓa ganinsa. Duk wannan ta haƙura. Amma a ƙofa mai gadi ya buɗe ledarta yana dubawa, ita da take da jikoki goma sha ɗaya.

Kafin la'asar ta zaga gida bakwai da labarin. Yanzu matan unguwa can suke zuwa shan sanyi da azahar, su dawo nan su sayi manja cokali uku, su zauna su ba ni labarin abin da suka gani.

Shekaranjiya mai gadin nan ya zo sayen rabin sabulu, don can ba a yankawa. Inna na zaune a benci. Ta bari ya biya, sannan ta tare ƙofa ta karɓi ledar, ta duba ciki da waje, ta shinshina sabulun, ta ce yana iya tafiya. Har godiya ya yi mata.

Ki dawo da wuri, ni kaɗai ba na iya riƙe shago da Inna.

Naki har kullum,
Lauwali