Hannun Hagun Tavita

Zuwa ga ɗana Ghali,

Assalamu alaikum. Daga nan Mansura ta ƙasar Masar nake gaishe ka, kai da mamanka da Habiba. Yaya gwiwar? An ce tun da likita ya hana ka ƙwallo ka daina fita, ko kofin duniyar nan ba ka kallo.

Ni lafiya lau, sai dai haƙorina ɗaya ya ajiye aiki. A gidan motsa jikin da nake gadi akwai wani ƙato, Tavita, mutumin Samoa. A da, ƙwallon zari-ruga yake yi. Gwiwarsa ta lalace, korona ta zo, kulob ya sallame shi, sai ya koma damben boksin.

Na cika masa baki cewa ni ma na yi dambe a Gusau, ya ce yalla, wato mu gwada. Na gyara tsayuwa, na zuba wa hannun damansa ido, tunda a wurinmu hagu garkuwa ce kawai. Ashe su da hannu biyu suke duka. Shi ya ɗago ni daga ƙasa, yana ta ba ni haƙuri. Kada mamanka ta ji. Kunu nake sha, kuma ya karɓe ni.

Har yau yana ɗingishi, Ghali, amma shi ke fara zuwa atisaye. Na tambaye shi ko yana kewar tsohon wasansa, ya ce kullum. Ban ce ka shiga dambe ba. Ka dai fito waje, ka nemi abin da sauran jikinka zai iya.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka,
Ɗalhatu