Hawainiyarka Ta Sha Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga ƙanena Sadiƙu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a duk inda yau ta same ka.

Na san ba yanzu za ka karanta wannan ba. Tun da aka tsinci motar da ka hau a tashar Kawo a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, ba kowa a ciki, wayarka a kashe take. Amma ka bar mini amana, dole in ba ka labarinta.

Ka tuna ranar da ka ƙwaci 'yar hawainiyar nan a hannun yaran layinmu suna jifanta? Ko tsawon yatsana ba ta kai ba. Na haye kan turmi ina ihu, kai kuwa kana ta dariya, wai malamar makaranta guda tana gudun abin da ko taku ɗaya sai ya yi shawara. Da za ka tafi ka ce, "Yaya, fara biyu kullum ta ishe ta, kafin Juma'a na dawo."

Har yau tsoronta nake ji, Sadiƙu. In ta juyo mini ido ɗaya, ɗayan yana kallon bango, sai in ja da baya. Da tsinken tsintsiya nake miƙa mata farar.

Sai ta daina ci. Ta yi duhu kamar busasshen ganye, idanunta suka faɗa. Na sa mata ruwa a murfin kwalba yadda muke yi wa 'yan tsaki, ina canzawa safe da yamma, ko kallonsa ba ta yi ba. Masu zuwa jaje kuma suna ta zuga Umma, wai ba a ajiye hawainiya a gida, ita ta jawo mana. Umma ta ce in kai ta bola. Ban kai ba, na ɓoye ta a bayan ɗaki, jikin lemun tsamin nan.

Ga abin da na kasa faɗa wa Umma: zuciyata ta ɗaure ranka da nata. Na san camfi ne, ina ta istigfari. Duk da haka, in zan leƙa ta da safe sai na tsaya na yi addu'a tukuna, don ban san me zan tarar ba.

Jiya da la'asar ina alwala a gindin itacen, na yarfe hannuna, ruwa ya fantsama kan ganye. Sai ga ta tana tahowa da tafiyar nan tata, ta buɗe baki tana lasar ɗigon. Ashe ba ta san ruwan kwano ba, sai wanda ke ɗiga a ganye. Duk kwanakin nan ƙishirwa ke cinta, ruwa yana gabanta. Na juye butar gaba ɗaya a kan rassan ina kuka.

Ta sha, ɗan'uwana. Yau har ta ci fara ɗaya. Sai dai ban gama murna ba na tuna da kai. Kai da ba ka iya loma biyu sai ka kora da ruwa, wa ke ba ka ruwa a dajin nan?

Ya Allah, Kai da ka shayar da wannan 'yar halitta ta hannun mai tsoronta, ka tausasa zuciyar wanda Sadiƙu ke hannunsa, ka shayar da shi, ka dawo mana da shi da ƙafafunsa. Masu karatu, ku taya mu da amin.

Taka har kullum,
Yaya Hadiza.