Na Sake Ɗora wa Mma Bokiti

Zangon Kumasi, Litinin.

Yaya Iddrisu,

Assalamu alaikum. Yaya Bawku, yaya Hamamatu da yara? Ni lafiya lau, kada ka damu.

Aiki ya buɗe. Tun da na bar ofis na koma rubuta wa ƙungiyoyi takardun neman tallafi, sai bana na dace: matan Ayigya Zango sun samu rijiyar burtsatse.

Amma Yaya, masu ba da tallafi ba sa motsawa sai sun ji labarin mutum guda. Da na rasa wanda zai taɓa zuciya, sai na rubuta na mahaifiyarmu Mma, Allah ya jiƙanta: tafiyar rafi, bokiti a ka, tarin nan nata. Na canza suna, na ce a Ayigya take, na ce tana raye.

Ranar Alhamis za su zo buɗe rijiyar, kuma ita suke so ta fara ɗiba. Shugabar matan ta yi dariya ta ce, "Suraj, tsofaffi sun cika Zango, zaɓi ɗaya." Na ƙi. Gaskiya zan faɗa musu, ko da aikin zai mutu.

Yanzu duk tsohuwar da na hango daga motar haya ta trotro ɗauke da ruwa, ƙeyar Mma nake gani.

Don Allah ka je makabarta ka yi mata addu'a. Shekara uku tana hutawa, ni na tashe ta na sake ɗora mata bokiti.

Ƙanenka,
Suraj.