Dutsen da Aka Kwashe Daga Kabarin Sa'adatu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Maƙabarta da dattawan ƙauyenku a Ingila.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni dattijo ne mazaunin Greensboro a Amurka. Shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce na zauna a ƙauyenku ina koyon kiwon shanun madara a gonar da ke bayan coci. A can matata Sa'adatu ta rasu wajen haihuwa.

Na ɗaya. Ba zan ɓoye alherin iyayenku ba. Babu Musulmi a ƙauyen sai mu, amma suka ba mu gefe a maƙabartarsu. Mai haƙa kabari, dattijo Harold, ya tsaya cikin ruwan sama ina nuna masa alƙibla, ya haƙa a karkace, saɓanin layin sauran kaburbura, bai nemi dalili ba. Na aza dutse ɗaya marar rubutu, domin haka aka karantar da mu: alama kawai, ban da gini. Harold ya riƙa nome wurin har ƙarshen rayuwarsa.

Na biyu. Bana na zo da 'yata Maryam, wadda aka haifa a ranar da Sa'adatu ta rasu. Muka tarar an baje gefen an shuka ciyawa. Mai kula da wurin ya ce sun zaci dutsen ɓaraguzan katanga ne, aka kwashe shi. Itacen da nake kwatance da shi an sare. Maryam ta tambaye ni inda za ta tsaya ta yi wa mahaifiyarta sallama. Na nuna nan, na nuna can, na kasa.

Na uku. Littafin tarihin ƙauye da kuka buga ya lissafa matattunku tun kakanni, har da shekarar da aka sauya ƙararrawar coci. Babu sunanta.

Na san addu'a tana isa gare ta ko daga ɗakina da ke titin Gate City Boulevard a nan Greensboro, kuma wurin kowa ba ya ɓace wa Allah. Tsorona shi ne a ga fili a haƙa wa wani a kanta.

Ina roƙonku ku hana haƙa a gefen. Ku duba tsohon littafin binnewa, ku tambayi tsofaffin da suka ga jana'izar. Idan an gano wurin, ku sanar da ni da wuri, domin ƙarfin da ya rage mini bai wuce na tafiya ɗaya ba.

Allah Ya yi muku jagora, Ya albarkaci ƙauyenku da zuriyarku.

Wassalam.

Alhaji Ya'u,
Greensboro.