Citta a Gefen Titi, Tirela a Bayana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin kai saƙo da nake yi wa aiki a reshen Kafanchan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk na ƙarƙashinka.

Ranka ya daɗe, damina uku ke nan rabona da gida. Na baro ƙauyenmu a bayan Daura matata tana da ciki, yau 'yar da ta haifa tana gudu a tsakar gida, ba ta san ni ba sai a murya. In an kanga mata waya a kunne ta ji ni, sai ta juya bayan wayar tana nemana. Na fara da wannan ne don ka san abin da nake ɗauke da shi a kan keken nan ban da kayan mutane.

Sunana Sale. Ina cikin waɗanda aka karɓe wa babura aka ba kekuna lokacin da mai ya yi tsada. Ban yi gardama ba, na san kai ma ba daɗi ka ji ba. Abin da ya sa na rubuto a fili shi ne na kai kukana ofis har na gaji. Oga Bulus mai kula da mu mutumin kirki ne, amma amsarsa ɗaya ce: shi ma allon kwamfutar ofis yake kallo, ba shi da ikon taɓa komai a ciki. Kai kuma ba a garin nan kake zaune ba.

Kafin in yi ƙorafi zan ba manhajar da kuka sa mana a waya haƙƙinta. Da na sauka Kafanchan ban san gabas da yamma ba, sunayen unguwanni ma harshena ba ya iya juya su. Ita ta koya mini gari. Ba don ita ba da ban yi mako guda a aikin ba. To amma ga abin da ke tafe da ni.

Na ɗaya. Har yau manhajar nan a zatonta babur nake kai. In aka ba ni saƙon garin Madakiya, sai ta ja mini shuɗin layi a kan babban titi, don ya fi kusa. Wurin mai keke kuwa gefen titi ne, 'yar tazarar nan tsakanin farin layi da kwalbati. To daga ranar da aka fara haƙar citta, wannan gefen ya tashi daga namu. Manoma sun yanka cittarsu sun shanya a kai, dama da hagu, har inda ido ya tsaya. Ban ga laifinsu ba. Ba su da dandalin da ya kai kwalta zafi da tsabta, kuma wahalar shekararsu ce kaf a shimfiɗe a wurin. Sai ya zama mai keke abu biyu ne a gabansa: ko ya bi ta kan abincin mutane, ko ya faɗa tsakiyar hanya tare da tirelolin da suka zo kwasar cittar. Wayar kuma ba ta ganin citta. Tana ta ce mini in ci gaba miƙe, da muryar nan tata da ba ta taɓa jin tsoro ba.

Na biyu. Farkon shanyar bana, ina ɗauke da kwalin magani zuwa wani kemis a Madakiya, tirela ta danna mini ham a ƙeya. Iskarta kaɗai ta ture ni. Na faɗa cikin shanyar wata tsohuwa, ni da keke muka share mata citta har cikin kwalbati. Ta taso da sanda tana faɗa da yarensu. Da ta iso ta ga jini a gwiwar hannuna, sai ta ajiye sandar ta ce, yaro na, wane ya aike ka wannan titi, mota zai kashe ka a banza. Sunanta Mama Saratu. Mijinta ya rasu, cittar nan da ita take biya wa jikokinta makaranta. Na durƙusa muka tsince abin da zai tsintu, sauran ya jiƙe ya lalace. Na ce zan biya, ta ce in riƙe kuɗina in sayi hankali. Daga nan ta ja ni ta bayan gidanta ta nuna mini wata 'yar hanya da ta ratsa gonaki, ta bi gefen layin dogo, ta haɗu da burtalin shanu, ta ɓullo bayan kasuwa. Hanyar da mata ke bi zuwa coci da kai niƙa ce. Babu mota ko ɗaya. In ka gamu da Fulani da garke, ka sauka ku gaisa su wuce. Ranar na fara isa Madakiya babu tirela a bayana.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta ƙuna. Wannan hanyar ba ta cikin manhajar. Da zarar na sauka daga kwalta, sai allon ofis ya nuna ni da ja, wai na kauce hanya, kamar wanda ya gudu da kaya ko ya tafi yawon kansa. Ban ɓoye ba, hanyar ta fi tsawo, ina makara kaɗan. Amma ban taɓa ɓatar da saƙo ba, ba wanda ya taɓa kawo ƙarata. Duk da haka an ba ni gargaɗi sau biyu. Dokarku ta ce na uku a karɓe keke.

Na huɗu. Abokin aikina Yohanna, ɗan wajen Zonkwa, shi ma na nuna masa hanyar Mama Saratu. Da ya sha gargaɗi na biyu sai ya ce mini, Sale, ni ina da yara, zan bi abin da waya ya ce, Ubangiji ya kiyaye. Ya koma kwalta. Ba a jima ba wata babbar mota ta goge shi a daidai inda shanya ta ci gefen titi, direban bai ko tsaya ba. Yanzu yana kwance wurin mai ɗori a ƙauyensu, ƙafar dama a karye wuri biyu. Na je duba shi ranar Lahadi. Matarsa ta kawo mini kunu tana ta godiya, shi kuwa dariya ya yi ya ce aƙalla shi allo bai nuna shi da ja ba ranar. Ban iya taya shi dariyar ba. Saƙonnin da yake kaiwa an ɗora mini su, a kan wannan titin.

Wallahi, ranka ya daɗe, na rasa yadda zan yi. Kullum da safe in na ɗaura kaya na iso mararrabar da hanyar Mama Saratu ta rabu da kwalta, tsayawa nake yi da ƙafa ɗaya a ƙasa. In na yi dama na bi hanyarta, in rasa aiki in koma gida hannu rabbana. In na miƙe, wataƙila a kai ni gida a bayan mota. Ba ni da kowa a nan da zai yi jinyata kamar yadda ake yi wa Yohanna. Ko barci na kwanta, ham nake ji.

Wata nas da nake kai wa saƙo ta nuna mini a wayarta cewa irin waɗannan manhajoji ana iya saita su su nemo wa mai keke hanyar da ba cunkoso. Ban san yadda ake yi ba, kuma ban ce abu ne mai sauƙi ba. Roƙona dai ga shi. A gaya wa manhajar cewa keke muke kai. A turo mutum ya hau keke ya biyo ni sau ɗaya, ya ga hanyar da idonsa, a sa ta a ciki. In hakan zai ɗau lokaci, a ɗaga mana ƙafa kan jan da allo ke nunawa har a kwashe shanya. A janye gargaɗin da ke kaina. Kuma a tuna da Yohanna, domin umarninku ya bi.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ka da 'ya'yanka a duk hanyar da za ku bi, ya sa ka karanta wannan da sanyin zuciya.

Niyyata in je gida kafin azumi. Abin da na iya tarawa a damina ukun nan yana cikin jaka a ƙarƙashin tabarmata: turmin atamfa ɗaya na matata, takalmin yarinya da na saya bara wanda na san yanzu ya yi mata kaɗan, kwano biyu na busasshiyar citta da Mama Saratu ta ba ni, da kuɗin motar zuwa, ban da dawowa. Sai ƙafafu biyu, har yau lafiyayyu. Su nake roƙo a bar ni in kai gida.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sale mai keke, Kafanchan