Shiru-shiru da babban titi

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya bar mana ita. Mu nan lafiya ƙalau muke. Baban yara yana nan yana fama da bas ɗinsa, ya fita tun duhu, ya dawo da muryar da ta dishe saboda faɗa da fasinja. Auta kuwa ya zubar da haƙoran gaba biyu, yana yawo yana nuna wa duk maƙwabta wawulon kamar wata lambar yabo.

Yaya, na ji saƙonki cewa in turo miki 'yata Shiru-shiru ta yi karatu a wajenki, tunda makarantarku a bakin ƙofa take. Na san don Allah kika faɗa, kuma na san bakin baban yara ne ya kai miki labarin, don shi ba ya iya riƙe magana. Gaskiya ne shugabar makaranta ta kira ni, ta ce yaran nan kullum sai an rufe ƙofa suke zuwa, in abin ya ci gaba za ta ba wasu gurbinsu, don masu jira suna da yawa. Amma ki saurari yadda abin yake tukuna.

Kin san ina sayar da burodi a kantin gidan burodi, kuma dole in buɗe kafin masu tafiya aiki su fito. Saboda haka ni nake riga yara fita. In yi musu wanka, in sa musu kayan makaranta, in zuba abinci a kwano, in kulle ɗaki, in bar su a barandar wata maƙwabciyarmu da ke bene na biyu, ita ce ke sallamar su idan lokaci ya yi. Matar nan ta rantse mini da wuri suke sauka. Na tsare Shiru-shiru da tambaya, ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar jakarta. Kin san ta, ko yatsa aka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Na ce ko wasa suke tsayawa yi, Auta ya ce wallahi ba sa wasa, tsayuwa kawai suke yi. Har na ɗaga hannu zan make shi don na zaci rainin hankali ne.

Ranar nan sai na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini kanti, na laɓe bayan rumfar mai gyaran takalmi, na bi su a baya. Tafiya suke tiƙis-tiƙis, ba su kalli ko mai alewa ba, har suka kai babban titin da ke gaban makaranta. Nan suka tsaya cak. Mutane na zuwa suna tsallakawa, su suna tsaye. Wata mata ta miƙo hannu za ta tsallakar da su, Shiru-shiru ta ja ƙanenta baya, ta ɓoye hannunta a hammata. Ga ƙofar makaranta suna gani, ga ƙararrawa tana bugawa, yarinyar nan hawaye na zuba amma ba ta motsa ba. Yaya, sai na fito daga inda na laɓe na nufe su.

Da na rungume ta na lallashe ta, sai ta buɗe baki. Wai ni na ce kada ta kuskura ta tsallaka titi sai babba ya riƙe hannunta, kuma ni na ce kada ta kuskura ta ba wanda ba ta sani ba hannu. Da can Baba mai shara, tsohon da ke share bakin titin, shi ke ajiye tsintsiya ya tsallakar da su, don sun san shi. To an mayar da shi wata unguwa. Tun daga nan sai su tsaya har Allah ya kawo wata malama da ta makara, ko wani maƙwabci, sannan su bi shi. Duka dokokina biyu ta riƙe, ba ta saki ko ɗaya ba, ana ta yi mata bulalar latti tana shiru. Wannan yarinyar ce za a ce ta gagara? Haba!

Baban yara ya ce ai shi ya sa ya ce a kai ta wajenki, birni ba wurin yara ba ne. Na ce masa shi da ke tuƙa ƙatuwar mota a titin nan kullum, da bakinsa yake faɗar haka? Na ce a birnin nan muke ci muke sha, a nan za su girma, titin kuma ba inda za shi. Ya yi dariya ya ce to uwar masu taurin kai, ga fili ga mai doki.

Can sama kusa da gidan mai akwai danja, inda motoci ke tsayawa in ta nuna musu ja, masu ƙafa su wuce. Zagaye ne, amma ba nisa can ba. Duk ranar da babu makaranta sai in kwashe su mu je, mu tsallaka, mu dawo, mu sake, har mai sayar da jarida ya tambaye ni ko wani abu muka yar a tsakiyar titi. Kada ki yi mini dariya, Yaya, ni ma koyo nake. Tun zuwana garin nan a gefen mutane nake raɓewa in tsallaka, idona rabi a rufe. Na gaya wa Shiru-shiru an sauya doka: danja ce babbar da za ta riƙe mata hannu.

Shekaranjiya na sake laɓewa na bi su. Ta zagaya ta gidan mai, ta damƙe hannun Auta, ta jira, ta duba dama da hagu, suka wuce abinsu. Ni kuwa garin sauri na sa ƙafa a titi bayan danja ta sauya. Ashe ta san ina biye. Daga can tsallake yarinyar da ba a jin muryarta ta ɗaga hannu ta ƙwala mini kira, wai Mama ki koma, ba lokacinki ba ne! Na koma, na tsaya a gefe ina dariya ina share ido, har suka shige ƙofar makaranta tana buɗe.

Don haka ki yi haƙuri, Yaya, ba zan turo ta ba. Katifar da kika ce kin tanadar mata ki ajiye, za ta kwana a kai in mun zo hutu.

Ki gaishe mini da Inna da kyau, da Kawu da Gwaggo, da maigidanki, da 'yan biyunki masu ƙiriniya. Auta ya ce in gaya miki ya ajiye miki haƙori ɗaya.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Maman Shiru-shiru